Na Toshe Ɗakina Saboda Hayaƙi, Matata Ta Koma Soron Inna

Gwaggo Luba, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki yi da wuri, don al'amarin gidana ya kai inda ko sallama na yi a majalisa sai na ji ana danne dariya. Na roƙe ki kada ki buga sunana. Na san duk wanda ya san garinmu yana fara karantawa zai gane ni, amma dai a rufa abin da ya rufu.

Ni tela ne. Ina da shago a bakin kasuwa a wani gari kusa da Tsanyawa, ina kuma taɓa noma kamar kowa. Matata sunanta Ramlat, muna da 'ya ɗaya, Tahira, bana ta shiga firamare. Sai mahaifiyata, Inna, da muke gida ɗaya da ita. Inna tana cikin tsohon soron ƙasa da marigayi Baba ya gina, mai kaurin bango da rufin azara, tagarsa ko kan mutum ba zai shiga ba. Mu kuwa shekarun baya kaɗan Allah Ya hore mini na tayar da ciki da falo na bulo, na rufa da kwano sabo fil, idan rana ta haska shi tun daga titi ake hango shi. Ranar da muka tare Ramlat har guɗa aka yi mata.

Damina ta yi mana daɗi, lokacin sanyi ma ba laifi. Da bazara ta kama sai muka gane abin da muka gina. Daga hantsi kwanon nan zai fara ƙara yana miƙa, kafin azahar kuwa idan ka ɗaga hannu sama sai ka ji kamar ka miƙa shi bakin murhu. Wannan duk mun haƙura da shi, don ba mu kaɗai ba ne masu kwano a garin.

Abin da ya tayar mini da hankali hayaƙi ne. Gidanmu shi ne na ƙarshe ta gabas, kuma a wajenmu ba a san inda gida ya ƙare gona ta fara ba. Daga katangarmu sai gonar maƙwabcina Malam Iliyasu, daga tasa sai ta wani, haka har iya ganinki. Idan lokacin sharar gona ya zo, kowa zai tuge tushiya, ya tara kara da ƙaya da ganye ya cinna wuta. Hayaƙin nan ba ya tsayawa ko'ina sai ɗakinmu, don magini ya bar sarari tsakanin bango da kwano, hannu yana shiga har wuyansa. Tahira kuma Allah Ya yi ta da raunin ƙirji. Da ta shaƙa sai tari, sai numfashi ya riƙa yi mata kuka kamar an danne mage.

Bara kuma aka yi abin da har yanzu idan na tuna gabana faɗuwa yake. Iska ta juya da rana tsaka, wuta ta kufce wa wani a gonarsa, ta bi busasshiyar ciyawa ta cinye dangar gidaje biyu da rumbu guda kafin a tare ta. Mu wutar ba ta iso mu ba, amma tartsatsi ya shigo ta sararin nan na ƙarƙashin kwano, ya sauka kan gidan sauron Tahira. Ramlat ce ta ji ƙauri ta shigo ta kashe da ruwan buta. Yarinyar ba ta daɗe da tashi daga barcin rana a kan katifar ba. Ranar na kasa cin abinci, na ce in Allah Ya kai mu wata bazarar ba za ta same ni a zaune ba.

To bana, tun kafin a fara shara, na ga wani bidiyo a waya. Wasu Turawa ne a wata ƙasa da gobarar daji take cinye musu gidaje, ana nuna wani mutum yana bin gidansa lungu-lungu yana toshe duk wata kafa, yana kuma cusa wani abu mai kama da auduga a ƙarƙashin rufi. Turancin nasa da sauri yake, ban kama komai ba, amma ai aikin hannu ba ya bukatar tafinta. Na kalla na sake kalla, na ce wannan ai ba abin da ya fi ƙarfin tela ba ne.

Abin da ya yi kama da audugar tasu a wajena shi ne ƙyallaye. Kin san tela ba ya rasa su, na tara buhu-buhu a bayan shago shekara da shekaru. Na ɗauko su a amalanke, na ari tsani, na bi sararin nan kaf na cusa da sanda har sai da ko zare ba zai ratsa ba. Tagogi na sa musu leda mai kauri na bi gefe da salatif. Ƙasan ƙofa na ɗinka mata wani dogon matashi na cika shi da yashi, kuma Gwaggo ba yabon kai ba, ɗinkin ya yi kyau, har da bakin surfani. Ramin makulli ma ban bar shi ba. Sannan na yi tunanin tunda rana ce take dukan kwano, sai a yi masa inuwa. Na kwashe harawar waken da na ajiye da damin karan dawa na shimfiɗa a kan rufin, na danne da duwatsu.

Ina so ki rubuta wannan da babban baƙi, don a garinmu ba mai faɗa: hayaƙi ya daina shiga. Ranar da Malam Iliyasu ya kunna wutarsa ta farko na shige da iyalina ciki na rufe ƙofa, muka zauna, ko ƙauri ba mu ji ba. Na dubi Ramlat ina jiran ta yaba. Ita kuwa tana dai ta fifita da faifai, zufa tana ɗiga daga haɓarta.

Gaskiya ne an ɗan samu ƙarin ɗumi. Man shanun da Inna ta ba mu a kwalba ya zama ruwa bai ƙara daskarewa ba. Sabulun wanka ya yi laushi kamar tuwon jiya. Miyar kuka da aka ci a falo ranar Juma'a, har wata Juma'ar ana jin daddawarta a jikin labule. Ni na ɗauka duk wannan abu ne da za a saba da shi, don kowane gyara yana zuwa da ɗan wahalarsa.

Ramlat takan yi waina ta sayarwa. Wata rana ta ajiye ƙullu a ɗakin da safe, ta dawo kafin azahar ta tarar ya tashi har ya tumbatsa ya zubo ƙasa. Maimakon ta rufa mini asiri sai ta ba wa maƙwabciyarta labari. Yanzu haka matan layinmu duk wadda take son ƙullunta ya tashi da wuri, ko madararta ta yi barci, gidana take aikowa a ajiye mata a falo. Ɗakin da na gina da gumina sun sa masa suna gidan burodi. Yara suna tsayawa a ƙofar gida suna tambaya wai ko an fitar da na safe.

Sai kuma maganar awaki. Akwai ragowar bulo da aka jera a jikin bango tun lokacin gini, ban taɓa kawo komai a raina game da shi ba. Ashe bunsurun Inna ya hango harawa. Wata ranar da na dawo cin abincin rana, ina zaune a falo sai na ji rugugi a kaina kamar hadari ya taso. Tahira ta fita da gudu tana murnar ruwa ya zo. Malam Iliyasu ma an ce ya fito daga zaurensa yana kallon gabas, har ya aika a ɗauko masa irin shuka. Da na fito sai na ga bunsurun nan a tsakiyar rufina, ya ja awakin unguwa sun bi shi, suna cin harawata suna kallon mutane daga sama. Kafin a kore su sun lotsa kwano wuri-wuri, ɗaya ma ƙafarta ta ɓurma ta wajen ƙusa. Ramin na toshe shi da ƙyalle.

Wannan ma da sauƙi a kan abin da ya biyo baya, don shi ya taɓa sana'ata. Iska da ƙadangaru sun riƙa jawo bakin ƙyallayen waje, har suka zama suna reto a ƙarƙashin kwano kala-kala kamar an yi wa gidan ado. Rannan mata suka taso daga gidan suna suka biyo ta bayan gidanmu. A cikinsu akwai Hajiya Fadima, wadda ita ce babbar mai kawo mini ɗinki, ita da 'ya'yanta da surukanta. Ta ɗaga kai ta tsaya cak. Ta ce wancan mai ruwan goro leshinta ne na ƙaramar Sallah, wanda na ce mata yadin bai isa a fitar da ɗankwali ba. Gwaggo, wallahi abin da ya rage daga leshin nan bai fi tafin hannu ba, ko dai ya fi da kaɗan. Amma kafin la'asar mata sun cika bayan gidana, kowace ta ɗaga kai tana neman atamfarta. Wata har da sandar kaɗar mangwaro ta zo. Wadda ta ga nata ta yi faɗa, wadda ba ta gani ba ta ce nata yana can ciki na tura da sanda. Ga Sallah tana matsowa, shagon da a irin wannan lokaci ba na samun wurin ajiye kaya, yanzu sai in wuni ina gyaran zif.

Ana cikin haka ƙurajen zafi suka feso wa Tahira a wuya da baya. Tarin ma da na yi duk wannan aikin dominsa ya dawo, Ramlat ta ce wai maganin sauron da nake kunnawa ne a ɗaki rufe. Ta roƙe ni in cire ledar taga ɗaya, na ce idan aka buɗe ɗaya ai an ɓata aikin duka, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ta ce ita a yanzu ko ƙadangaren ne ya shigo maraba za ta yi masa in dai zai taho da iska. Washegari ta ɗauki tabarma da filo da yarinyar ta tsallaka tsakar gida ta shige soron Inna. Da farko da rana ne kawai, daga baya ta kwashe har da kayan sawarta. Abinci tana dafawa, tana kawo mini har bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe ni lafiya lau, amma ƙafarta ba ta ƙetare dogon matashin nan. Na kai ƙara wajen Inna ina zaton za ta mara mini baya. Ta ce ita da ta haife ni ma ba za ta shiga ba, don ba ta shirya zama kilishi ba.

Magana ta fita gari wai matata ta yi yaji. Har ta kai Rimin Gado wajen danginta, yayanta Yaya Abdulkabir ya yiwo mota takanas ya zo jin ba'asi. Na yi murna da zuwansa, don mutum ne mai fahimta, na ce idan ya gani da idonsa zai gane. Na shigar da shi falo na rufe ƙofa na gyara matashin, na fara yi masa bayani tun daga bidiyon. Ya cire hula. Can ya cire babbar riga. Ban kai ga maganar rufi ba ya ce mu ƙarasa a waje. Da muka fito ya sha ruwa moɗa biyu a randar Inna, ya zauna, sannan ya ce shi bai taɓa jin yajin da bai wuce tsakar gida ba, kuma yadda ya ga abin, ƙanwarsa ma ta yi haƙuri. Da zai tafi ya kama hannuna ya ce in riƙa shan ruwa da yawa.

Yanzu ni kaɗai nake kwana a ɗakin, don idan na fita an ce na sallama. Ina jiƙa zani in lulluɓa, kafin wani lokaci ya bushe ƙamas. Na rame, wandunana duk na rage musu ƙugu. Kuma ba a gama sharar gona ba, jiya ma na hango Malam Iliyasu yana tara wata ƙaya dab da katangarmu. A soron Inna Tahira ƙurajenta sun baje, amma ranar da aka yi hayaƙi da yawa nakan jiyo tarinta daga can, sai in rasa inda zan sa kaina.

Gwaggo, ki faɗa mini gaskiya. Laifi ne don mutum ya kare 'yarsa daga wuta? Idan na kwance aikin nan hayaƙi da tartsatsi za su dawo, gari kuma ya yi mini dariya karo na biyu. Idan na bar shi ba mata ba masu ɗinki. Yaya zan yi in dawo da Ramlat ɗakinta ba tare da na zubar da girmana ba?

Naki,
Tela mai neman mafita, daga yankin Tsanyawa


Ɗana Tela, wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarka, kuma ba zan ɓoye maka ba, ni ma na yi dariya wajen bunsurun. Amma da na koma kan gidan sauron da ya ƙone sai dariyar ta tsaya. Ba laifi ba ne uba ya ji tsoro a kan 'yarsa. Mutane da yawa sun ga abin da ka gani sun ce Allah Ya kiyaye sun koma barci, kai ka tashi ka ɗauki tsani. Wannan abin yabo ne, kuma ya kamata a faɗa maka.

Sai dai Ramlat ma tana da gaskiya, kuma tata ta fi taka gaggawa. Abokan gabarka uku ne, zafi da hayaƙi da tartsatsi, kai kuma ka ba su magani ɗaya. Ka gudu daga gara ka faɗa wa zago.

Kafin komai, yau ɗin nan, ka sauko da harawa da karan nan daga kan rufi, ka zare ƙyallayen duka. Ka tsaya ka duba abin da ka yi: wurin da tartsatsi ya shigo bara, nan ka cika da tsumma, samansa kuma ka shimfiɗa busasshen kara. Kai tela ne, ka fi ni sanin yadda yadin roba yake yi idan dutsen guga ya yi zafi da yawa. Bara gidan sauro kaɗai kuka rasa. Da wannan shirin naka, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi ɗakin gaba ɗaya, kuma kana ciki ka liƙe tagogi. Wannan ba maganar girma ba ce, kada ka jira amsar kowa.

Na kai matsalarka wajen masu gini na tambaya, ga abin da suka ce. Toshe sararin nan na tsakanin bango da kwano daidai ne, amma da abin da ba ya cin wuta, laka ko siminti. Kuma ba duka ake toshewa ba. A bar ƙananan kafofi can sama a ɓangarori biyu masu kallon juna, a rufe su da ragar ƙarfe mai ƙananan ido, ba ta roba ba. Iska za ta wuce, tartsatsi ba zai samu hanya ba.

Zafin kuwa daga kwanon yake saukowa, don haka duk yadda ka toshe gefe, murhun yana bisa kanka. Abin da ɗakin yake nema silin ne. Idan aka yi shi aka liƙe gaɓoɓinsa da kyau, zafin zai tsaya tsakaninsa da kwano ya fice ta kafofin nan, hayaƙin da ya bi ta sama ma ba zai sauko muku ba. Nan ne gurbin toshewar da ka gani a waya. In ba za ka iya yin ɗakunan biyu a lokaci ɗaya ba, fara da wanda ake kwana. Idan da hali ka shafa wa kwanon farin fenti ta waje bayan an gyara inda awaki suka lotsa, yana rage dukan rana sosai. Ka dasa darbejiya ta yamma, da ɗan nisa yadda rassanta ba za su kwanta a kan rufi ba. Bulon da bunsuru ya mayar matakala kuma a matsar da shi.

Taga an yi ta ne don a buɗe a rufe, ka cire ledar nan. Gyara bakinta yadda idan an rufe za ta kama sosai. Da safe kafin rana ta yi ƙarfi a rufe, a saki labule. Idan gari ya yi sanyi da yamma a buɗe duka iska ta ratsa. Ranar da aka kunna wuta a gona a rufe har hayaƙin ya wuce, sannan a sake buɗewa. Dogon matashinka na ƙasan ƙofa a nan zai yi amfani, kada ka yar da shi. A duk aikin da ka yi shi ne ka yi daidai, kuma ina jin idan ka rataye guda biyu a shago za ka samu masu saye.

Akwai abin da nake so ka riƙe da kyau. Ɗakin da aka rufe ruf ba a kunna komai mai hayaƙi a cikinsa, ko maganin sauro ne, ko turaren wuta, ko garwashi, ko risho, balle janareta. Wannan yana kashe mutum yana barci. Ka sayo wa Tahira sabon gidan sauro ka daina kunna maganin. Ma'aikatan lafiya ma kullum bazara suna jan kunne a kan kwana a ɗakin da iska ba ta shiga. Kai ma ka fito daga cikinsa har a gama gyara, ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida kamar sauran bayin Allah. Yarinyar kuma ka kai ta asibiti a duba ƙirjinta, kada ka tsaya kan tsammani. Numfashin da yake kuka yana da magani, kuma za su gaya muku abin da za ku yi ranar da ya tashi. Kafin nan a bar ta a soron Inna. Marigayi Babanka da ya yi bango mai kauri ya san me yake yi.

Sannan ka je wajen Malam Iliyasu, ba da faɗa ba. Ka gaya masa halin da yarinyar take ciki, ka roƙe shi ya matsar da tarin ƙayar nan daga katangarku, ya riƙa sanar da kai kafin ya kunna, ya kuma duba inda iska ta dosa. Maƙwabcin da ya san akwai yarinya mai ciwon ƙirji a bayan katanga da wuya ya ƙi. Idan mai unguwa zai tara masu gonakin gefen gari a yi magana ɗaya, ya fi. Kai ma ka share bayan gidanka tas, a bar fili babu ciyawa babu kara, harawar kuma a ajiye ta nesa da ɗakin kwana.

Maganar masu ɗinki, ɗana, ban ga leshin ba, amma ƙyallen da aka gane shi daga ƙasa alhali yana can saman bango, tafin hannun da aka auna shi da shi babba ne. Kada ka tsaya rantsuwa. Ka wanke waɗanda suke da girma, ka goge, ka mayar wa masu su. Hajiya Fadima ka je gidanta da kanka ka ba ta haƙuri. Daga yanzu duk wanda ka yi wa ɗinki ka sa masa ragowar yadinsa a cikin ledar, ko yatsa ɗaya ne. Ba za a daɗe ba za a fara cewa telan nan ne mai mayar da ƙyalle, kuma ka san mata ba sa ɓoye irin wannan labarin.

Ramlat ba yaji ta yi ba. Matar da take dafa maka abinci, take durƙusawa ta gaishe ka, kuma da ta rasa wurin zama ta nufi ɗakin mahaifiyarka maimakon tasha, ba ta da niyyar barinka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ita ce take wuni a cikinsa lokacin da kake shago a inuwa. Ta roƙe ka taga ɗaya ka hana. Ga ita ma ina da 'yar magana, in ta karanta: 'yata, a daina karɓar ƙullun maƙwabta. Mijin da tsoron abin da zai sami 'yarku ya sa shi hawa tsani da rana tsaka, ko ya yi kuskure, bai kamata a taya gari yi masa dariya daga cikin gidansa ba.

Ka tambaye ni yadda za ka dawo da ita ba tare da ka zubar da girma ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle matarka. Dariyar gari ba ta da tsawon rai, da an yi ruwan farko kowa zai kama gabansa da shuka. Tun kafin ka kira magini, ka tsallaka tsakar gidan nan ka yi sallama a ƙofar soron Inna. Ka ce wa Ramlat ka ji tsoro ne bara kuma tsoron bai sake ka ba, don ina zaton ba ka taɓa gaya mata haka da bakinka ba. Ka ba ta haƙuri, sannan ka tambaye ta yadda take son ɗakin ya zama, ka saurara har ta gama. Kada ka ce ta dawo. Ka gyara ɗakin, ka bar ƙofa a buɗe, da ƙafarta za ta shigo.

Allah Ya ba Tahira lafiya, Ya ƙara wa Inna nisan kwana, Ya tsare ku da maƙwabtanku daga gobara, Ya kawo mana damina mai albarka.

Taku,
Gwaggo Luba